Amsa ga mai son haɗa ƙaramin jirgi mara inji na shawagi a gefen tudu

Ɗan uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka ga bidiyon mutane a Ingila da Jamus suna tsaye a bakin tudu suna jefa jirgi mara inji, yana ta shawagi sama da awa guda da rimot kawai, kai ma kana so ka haɗa irin fararen nan na zamani masu dogon siririn fiffike, amma ƙarami wajen mita ɗaya da rabi don ya shiga bayan mota, sannan kana tambayar wane katako za ka nema, da kuma ko iya tuƙa duron ɗin ɗaukar hoto da ka yi zai wadatar. To bari in fara da wadda ba za ta maka daɗi ba. Wannan ƙaramin siririn da idonka ya faɗa a kai shi ne mafi wuyar sha'ani a duk cikinsu, kuma dalilin ɗaya ne: kai za ka iya rage jirgi ka mai da shi kashi ɗaya cikin goma, amma iskar da zai tashi a cikinta ba ta raguwa, tana nan yadda Allah ya yi ta. Kusan duk abin da zan gaya maka a ƙasa daga nan ya samo asali.

Yadda yake zama a sama babu inji ba wani sihiri ba ne. Ka taɓa ganin leda iska ta kwaso ta, ta zo jikin katanga maimakon ta tsaya sai ta bi jikin katangar ta haye sama? To shi ne. Iska in ta bugi gefen tudu ba ta da hanyar ratsawa, dole ta hau, sai a samu wani yanki a gaban tudun inda iska take tafiya sama. Shi gilaida, wato jirgi mara inji, kullum sauka yake yi a hankali cikin iskar da yake ciki, a ce rabin mita ko mita ɗaya a daƙiƙa, in iskar tana hawa da saurin da ya fi haka to jirgin hawa zai yi. Shirwa da ungulu sun daɗe da sanin wannan, duk wanda ya zauna kusa da dutse ya ga yadda suke miƙe fiffike a gefen da iska take bugowa ba sa kaɗawa ko sau ɗaya. A 1911 Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka fara tashi da jirgin sama mai inji, ya yi minti 9 da daƙiƙa 45 a sama a kan tudun yashi na Kill Devil Hills a Amurka da wannan dabarar. Amma inda abin ya zama sana'a shi ne Jamus, bayan yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919, wadda aka ƙulla bayan yaƙin duniya na ɗaya, ta ɗaure musu hannu kan jirage masu inji, sai matasa suka koma wani tsauni da ake kira Wasserkuppe mai tsayin mita 950, aka fara gasa a can a 1920, a 1922 kuma Arthur Martens ya wuce awa guda a sama da wani gilaida mai suna Vampyr. A gindin wannan tsaunin, a garin Poppenhausen, aka kafa kamfanin ƙera gilaida na Alexander Schleicher a 1927, kuma jirgin da zan ba ka shawarar kwaikwaya na can ne. Har yau masu ƙananan jiragen rimot suna taruwa a wannan tsauni.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, je ka nemo tudunka. Wallahi wannan ita ce shawarar da mutane suka fi tsallakewa, a gama jirgi na wata da watanni sannan a fara yawon neman inda za a jefa shi. Tudun da kake so dogo ne a kwance, mai faɗin fuska, wanda iska ba za ta iya kewaye shi ba sai dai ta hau, gangarensa ya ɗan miƙe sosai amma ba sai ya zama bango ba, gabansa kuma fili babu dogayen bishiyoyi ko gine-gine da za su dagula iskar kafin ta iso. Tsayin mita 30 zuwa 50 ma ya isa in fuskar tana da kyau. Irin duwatsun nan namu dunƙulallu da suke tsaye su kaɗai a fili ba su cika kyau ba, iska rabewa take ta wuce ta gefe da gefe, ɗan abin da ya hau kaɗan ne, ga shi kuma babu wurin sauka sai kan dutse. Tuddai masu ciyawa irin na Mambila su ne suka yi kama da wuraren da ka gani a bidiyo, irin su Long Mynd da Ivinghoe Beacon a Ingila, a filaton Jos ma in ka yi haƙuri ka bincika za ka samu gefe mai ciyawa tsakanin duwatsu. Sannan ka lura da inda fuskar take kallo. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, to tudun da ya yi maka aiki a watan Janairu ba lalle ya yi a watan Yuli ba sai dai in yana da fuska biyu. Iskar ta bugo fuskar kai tsaye, in ta karkace da yawa ɗagawar tana mutuwa. Wajen kilomita 15 zuwa 30 a awa shi ne daidai ga irin jirgin da muke magana. Iskar nan mai ƙarfi da take gabatar hadari kuwa kar ka ko gwada, naɗe kayanka ka sauka.

Yanzu maganar girma. Akwai wani lissafi da ake kira lambar Reynolds, kar sunan ya tsorata ka, abin da yake nunawa shi ne yadda iska take manne wa bayan fiffike ko take saki. A sauƙaƙe, ka ɗauki saurin jirgi a mita cikin daƙiƙa, ka ninka da faɗin fiffiken a mita, wato daga gabansa zuwa bayansa ba tsawonsa ba, ka ninka da 70,000. Babban gilaida mai faɗin fiffike kusan mita ɗaya yana tafiyar mita 20 a daƙiƙa, lambarsa ta haura miliyan ɗaya, iska tana bin bayan fiffikensa lafiya lau. Naka na mita ɗaya da rabi, in ka kwaikwayi mai siririn fiffike, bakin fiffiken can ƙarshe ba zai wuce santimita 4 ko 5 ba, a saurin mita 8 lambar ba ta kai 30,000 ba. A nan iska ba ta riƙe fiffike da kyau, tana ɓallewa daga bayansa tun kafin ta kai rabi, sai ka ga jirgi yana tafiya lafiya ka ɗan ja shi a kwana kawai fiffike ɗaya ya faɗi, ya juya ya kama hanyar ƙasa da hanci, kuma a bakin tudu ba ka da tsayin da za ka ceto shi. Shi ya sa a wannan harka babba ya fi ƙarami sauƙin tuƙi, abin da sabon shiga yake jin kamar an juya masa magana. In lambar ta haura 100,000 a mafi yawan fiffiken hankalinka ya kwanta.

Don haka ni abin da zan ce ka kwaikwaya shi ne K 8, wanda Rudolf Kaiser ya zana wa kamfanin Schleicher, ya fara tashi a 1957. Jirgin koyo ne mai ɗaukar mutum ɗaya, tsawon fiffikensa mita 15, faɗin filin fiffiken murabba'in mita 14.15, tsawon jikinsa mita 7, kuma da matuƙi a ciki bai wuce kilo 310 ba. Abin da ya sa nake son sa, fiffikensa yana da faɗi ba siriri ba, a saman jiki yake zaune, wutsiyarsa wadatacciya ce, jikinsa kuma asali bututun ƙarfe ne aka yi walda aka lulluɓe da yadi, saboda haka gefunansa a miƙe suke da kusurwa, za ka iya fitar da kamanninsa da siraran sanduna ba sai ka sassaƙa wani mulmulallen abu ba. Ɗan uwansa Ka 6 na 1955 ya fi shi kyan gani, na yarda, amma jikinsa zagayayye ne na fulawud, ya fi cin aiki. Minimoa ta 1935 mai lanƙwasasshen fiffike kuwa kowa yana sha'awarta, ka ajiye ta sai jirgi na uku ko na huɗu.

Ka yi shi a kashi ɗaya cikin biyar. Fiffike zai zo mita 3, jiki mita 1.4, kuma tunda fiffiken gida biyu ne ana zare shi, kowane ɓari mita ɗaya da rabi, ka ga matsalar motar taka ta warware. Ga lissafin da nake so ka riƙe: tsawo ana raba shi da 5, fili ana raba shi da 25, nauyi kuma da 125. Filin fiffike zai zama wajen murabba'in mita 0.57, nauyin da ya dace da asalin jirgin kuma kilo biyu da rabi. A zahiri na farkon mutum yakan fito kilo 3 ko ya ɗan ɗara, ba laifi, zai tashi da kyau a tudu, mafi ƙarancin saurinsa zai kama wajen kilomita 33 a awa. In ya kai kilo 4 to ka haɗa jirgin da sai iska mai ƙarfi kuma saukarsa da gudu ce. Ka kuma sani a wuri mai tsayi irin Jos, wajen mita 1,200, ga zafin rana, iska ta fi sirantaka, jirgin zai buƙaci ɗan ƙarin gudu fiye da abin da zanen Bature ya faɗa. Ka sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ka riƙa auna kowane gungu kafin ka manna shi.

Wani wuri da dole ka saɓa wa asalin jirgin shi ne siffar yankan fiffike, wato abin da za ka gani in ka datse fiffike ka kalle shi ta gefe. Tsofaffin gilaidoji masu kaurin fiffike ne, na Ka 6 a gindinsa kaurin ya kai kashi 18 cikin ɗari na faɗinsa, wannan a babban jirgi daidai ne amma a ƙarami jan iska kawai zai yi. Masu wannan sana'a sun daɗe da fitar da siffofin da aka yi musamman don ƙananan jirage, akwai na Helmut Quabeck da ake rubutawa HQ, akwai Eppler 205, akwai SD7037, har tsohon Clark Y mai shimfiɗaɗɗen ciki yana aiki kuma shi ya fi sauƙin haɗawa a kan tebur. Kauri kashi 11 zuwa 13 a gindi, ya ɗan ragu zuwa baki. Babu mai tsayawa a tudu ya gane ka canza, daga nesa K 8 yake gani. Sannan ka murɗa bakin fiffiken kaɗan, bayansa ya ɗaga sama da digiri ɗaya da rabi zuwa biyu idan aka gwada da gindi, amfaninsa in jirgi ya rasa gudu gindin fiffike ne zai fara saki, baki yana nan riƙe, sai hanci ya sunkuya a miƙe maimakon ya kife gefe. Dole ɓarin dama da na hagu su zo daidai wa daida a wannan murɗin, in ɗaya ya fi ɗaya gara ma ba ka yi ba.

Katako kuma. Balsa shi ne na gargajiya, akasarinsa daga Ekwado yake fitowa, ga sauƙi ga laushin yanka, sai dai a nan sai an yi oda kuma da tsada. In ka same shi hanyar ita ce ka yanka haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ka jera su a kan zane a tebur miƙaƙƙe, ka sa ƙashin fiffike sanda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na katako mai ƙarfi mai miƙaƙƙen zare. Ga inda ƙarfin yake: tsakanin sandan sama da na ƙasa, a kowane gurbi tsakanin haƙarƙari biyu, sai ka manna ɗan falle wanda zarensa yake tsaye, ba a kwance ba. Wannan ɗan fallen da ba ya ko cika ido shi yake hana sandunan biyu zamewa da juna in fiffike ya lanƙwasa, in babu shi ko ka sa zarensa a kwance, ranar da ka ja jirgi daga nutso za ka ji ƙas a sama ka ga fiffike ya naɗe. Daga ƙashin zuwa gaba ka rufe sama da ƙasa da fallen balsa na milimita ɗaya da rabi ya zama rufaffen akwati, shi ke hana murɗewa.

Amma akwai hanya ta biyu da ta fi dacewa da mu, kuma ina jin daɗin faɗar ta. Jamusawa sun shekara da shekaru suna yin fiffike da farin soson nan mai tauri irin wanda ake tallafe firij da talabijin a kwali, su lulluɓe shi da siririn fallen katakon da suke kira abachi. Wannan abachi ba wani abu ba ne illa obeche namu na kasuwar katako, wanda a Gana ake ce wa wawa, a Kamaru ayus, daga dazukan Afirka ta Yamma ake kai musu shi. Nauyinsa ya ninka na balsa sau biyu ko fiye, amma in falle ne na milimita 0.6 zuwa 1 ba ya da wani nauyi, ga shi yana shan gam da kyau, ga santsi in an goge. Wahalar kawai samun wanda aka fere siriri haka, sai ka tambayi masu kayan fanica da suke liƙa falle a jikin kabad da ƙofa. Soson kuma da zazzafar waya ake yanka shi: ka yi baka na katako, ka ɗaure siririyar wayar hita a tsakani ta miƙe tsam, ka ba ta wuta daga batirin mota ko caja mai bolt 12, ka yanka siffar gindi da ta baki a fomaika ko fulawud ka kafa a gefe biyu na soson, mutum biyu kuna jan wayar tare kuna ƙirga lambobin da kuka rubuta a jikin siffofin don kada ɗaya ya riga ɗaya. In wutar ta yi yawa soson zai narke ya yi rami, in ta yi kaɗan wayar za ta ja baya a tsakiya ta ɓata siffar, ka gwada a tarkace har sai ka ga tana ratsawa tana barin siraran zare a bayanta. Kar ka zubar da ɓawon sama da na ƙasa da suka rage, su ne za ka mayar da fiffiken ciki bayan ka shafa gam ka ɗora falle, ka danne da bulo ko buhunan yashi ya kwana.

Gam, ka yi hattara. Ebostik da duk wani gam mai warin fetur cinye farin soso yake yi nan take, sufa gulu ma haka. Efoksi, wato gam ɗin nan mai kwaɓi biyu da ake haɗawa, mai jinkirin bushewa shi ne na liƙa falle, a shafa shi siriri a kankare da tsohon katin waya har ka ga kamar babu, domin efoksi nauyi ne. Farin gam na kafintoci irin Top Bond ya isa katako da katako. Efoksin minti biyar na gyaran gaggawa ne a bakin tudu, kar ka riƙe mahaɗin fiffike da shi. Shi mahaɗin sandan ƙarfe ne mai tauri na milimita 10 zuwa 12 da yake ratsa jiki ya shiga bututu a kowane ɓari, bututun kuma dole ya zauna tsakanin sandunan ƙashi a naɗe shi da zare mai ƙarfi a jiƙe da efoksi, ba rodin gini ba don Allah, lanƙwashewa yake ba ya dawowa. Wani abu da littafin Bature ba zai gaya maka ba, gara tana son balsa da obeche, rataye kayanka kar ka jingina a bango ko ka ajiye a ƙasa. Kuma kar ka bar jirgi a rufaffiyar mota da rana, fiffike murɗewa yake.

Wutsiya ka yi ta da rowa. Daga wurin da nauyin jirgi yake daidaita zuwa wutsiya ya ninka nisan wurin zuwa hanci wajen sau uku, ma'ana duk giram 10 da ka ƙara a baya sai ka biya shi da darma giram 30 a hanci, ka ga giram 40 ke nan a banza. A babban jirgi matuƙi ne yake zaune a gaba yana cike wannan, a naka babu kowa, saboda haka batir da sarbo, wato ƙananan injinan da suke karɓar umarnin rimot su motsa sassan tuƙi, duk ka tura su can gaba iyakar iyawa. Hancin da ƙasan jiki har zuwa bayan taya ka ƙarfafa da fulawud da ƙyallen faiba, nan ne yake shan duka. Wurin daidaiton nauyi na tashin farko ka sa shi wajen kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin faɗin fiffike daga gaba, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a wannan layi ya zauna hanci ya ɗan sunkuya. Mai nauyin hanci yana tashi ba daɗi amma yana dawowa gida, mai nauyin wutsiya ba ya ba ka damar gyara.

Rimot na zamani mai aiki a zangon rediyo na 2.4 GHz mai tasha shida ya isa: biyu na leɓen fiffike, wato ɓangaren bayansa mai motsi da ake karkatar da jirgi da shi, dama da hagu kowanne da sarbonsa, ɗaya na leɓen wutsiya na kwance, ɗaya na tsaye, ɗaya na birkin iska. Sarbo mai haƙoran ƙarfe ka saya, na roba suna kakkaryewa a sauka. Leɓen fiffike ka saita shi ya riƙa hawa sama ninki biyu na yadda yake sauka ƙasa, domin a dogon fiffike wanda ya sauka ƙasa yana jan iska ya karkatar da hanci zuwa kishiyar inda kake son juyawa, kuma ka koyi haɗawa da leɓen wutsiya na tsaye a kowace kwana, haka matuƙan manyan ma suke yi. Birkin iska kar ka ce za ka bar shi don sauƙi, jirgi mai mita 3 in ya zo sauka a kan tudu ƙin zama yake, yana ta shawagi har ya wuce filin. Fenti kuma, K 8 da yawa ja ne ko rawaya, ka zaɓi irin wannan, ƙasan fiffike ya zama mai duhu, farin jirgi a cikin hazon hunturu ɓacewa yake a idonka tun bai yi nisa ba.

Batun duron, gaskiya ba zai wadatar ba. Duron in ka saki sandar rimot tsayawa yake cak yana jiranka, kwamfutar cikinsa ce take tuƙin. Wannan ba ya tsayawa, in ya tsaya ya faɗi, kuma in ya juyo yana fuskantarka dama da hagu sun musanya. Abin da za ka yi, tun kana cikin aikin K 8 ɗin, ka haɗa wani na wasa mai fiffike kawai babu jiki, wajen mita 1.2, da soson nan mai lanƙwasa da ba ya karyewa wanda ake kira EPP, ka naɗe shi da salatif mai zare, sarbo biyu kacal. Shi za ka yi ta bugawa da ƙasa kana ɗauka kana sake jefawa har hannunka ya faɗa, kuma shi zai nuna maka halin tudunka, ina ɗagawa take ina ta ƙare. Akwai manhajar koyo a kwamfuta da ake haɗawa da rimot, ita ma tana rage asara.

A bakin tudu dokar farko, kowace kwana ka juya waje, wato ka fuskanci iska ka ba tudu baya, kana zirga-zirga dama da hagu a gaban fuskar. In ka juya ciki iska za ta kwashe jirgin ta kai shi bayanka, kuma daidai bayan leɓen tudu akwai wata iska mai birgima da take dukan ƙasa, ita ce take cinye jirage. Jefawa ba sama ake yi ba, a miƙe ake turawa da ƙarfi hanci ya ɗan kalli ƙasa, fiffike a daidaice, ka samu wani ya jefa maka hannunka biyu suna kan rimot. In iska ta mutu jirgi ya fara nutsewa ƙasa da idonka, zuciyarka za ta ce ja sanda, kar ka ja, bar shi da gudunsa ka zaɓi fili a ƙasa ka sauke shi can ka taka ka ɗauko. Sauka a saman tudu kuma ka fara tafiya da ƙafa ka watsa ƙura ko busasshiyar ciyawa a wurare daban-daban ka ga inda iskar take komawa daidai, yawanci sai ka yi nisa da leɓen sosai, can za ka shigo da gudu kana fuskantar iska sannan ka buɗe birki.

Kar ka raina hukuma da mutanen gari. A Najeriya jirgi mara matuƙi yana ƙarƙashin dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ka bincika abin da ya shafe ka kafin ka yi odar rimot, kuma ka nisanci filin jirgi da barikin soja, irin su dutsen Kufena da yake kusa da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ba wurin wannan ba ne. A halin da ake ciki mutanen ƙauye in suka ga abu yana yawo a kansu hankalinsu zai tashi, kuma suna da gaskiya. Je ka gai da mai gari tukun, ka nuna masa jirgin a hannu ya ga babu kyamara babu inji. Kilo 3 mai gudun kilomita 60 yana iya yi wa mutum mummunan rauni, yara kuma za su taru, ka sa su tsaya bayanka can gefe, ba a filin sauka ba.

Ranar tashin farko ka gwada nisan rimot a ƙasa, ka tabbatar in sigina ta yanke leɓuna suna komawa tsakiya birki ya buɗe, ka duba kowane leɓe yana tafiya inda ya kamata kana tsaye a bayan jirgin. In ya hau ya yi tsayi ka saita shi yana tafiya a miƙe da kansa, sai ka sunkuyar da hanci wajen digiri 30 ya ɗauki gudu ka saki sanda. In ya ɗago da sauri yana neman yin tsalle, hanci ya yi nauyi, rage darma giram 10 ka sake gwadawa. In ya ɗago a hankali cikin dogon lanƙwasa, nan ake so, bar shi haka. In kuwa ya ci gaba da nutsewa ko ya ƙara sunkuyawa, ja shi a hankali ka sauko nan take ka ƙara darma kafin ka sake jefawa.